Kashi na Ashirin da Uku na Mai Jan Mashin

Samarin da suka buɗe shagunan caji da tura fim a layinmu, nan bayan tasha a Daura, sun ɗauka tsufa ne ya sa nake jinkiri. Ɗaya daga cikinsu ya taɓa ce mini, "Baba Lawal, memorin da kake kwana uku a kansa, ni kafin mai shi ya gama gaisawa da mutane na cika masa shi." Gaskiya ya faɗa. Zuba abu a memori ba shi da wuya, kwamfuta ce ke yi. Abin da ke cin kwana uku kallo ne. Duk abin da zai shiga wayar da ƙaramin yaro zai riƙe, sai na zauna na kalle shi daga farko har ƙarshe, na ji abin da ake faɗa a ciki, sannan in ce ya shiga ko kada ya shiga. Wannan ita ce sana'ata. Sauran danne-danne ne.

Kaset ɗin da ya koya mini wannan aiki na katun ne, na wasu dabbobi masu magana. Ina da shekara goma sha tara a lokacin, ina koyon aiki a shagon hayar kaset na marigayi Alhaji Ɗanjuma. Wani shugaban makarantar firamare ya aiko a ba shi abin da yara za su kalla ranar suna. Na ɗauko kaset ɗin, na saka, na ga dabbobi suna tsalle, na zare na miƙa. Ashe wanda ya naɗi katun ɗin a kan wani tsohon fim ya naɗa shi. Da katun ya ƙare sai tsohon fim ɗin ya ci gaba daga inda ya tsaya, kuma ba fim ba ne da za a kalla a gaban yara, balle a gidan suna. Washegari mutumin ya zo da kansa ya ajiye kaset ɗin a kan tebur, bai zauna ba.

Alhaji bai mare ni ba. Ya nuna mini kantar da muke jera kaset ɗin yara, ya ce, "Lawal, daga yau kowanne za ka kalla har allon ya koma yayyafi. In ka gama ka sa masa alama da jan biro." Na yi kusan wata biyu a ɗakin baya, ni da ƙaramar talabijin. A nan na iya goge kan bidiyo da sifirit da farin ƙyalle, na iya ɗinke kaset in ya tsinke, na iya gane wanda aka naɗa a kan wani tun daga yadda hoton ke rawa a farkonsa. A cikin waɗanda na kalla na sami guda huɗu masu irin wannan wutsiya.

Kaset ya wuce, faifai ya zo, shi ma ya wuce. Na buɗe nawa shagon da tsohuwar kwamfuta, da abin karanta memori, da abin sawa a kunne, da wani littafi mai kauri da nake rubuta sunan kowane shiri da minti nawa ne na ga abin da ban yarda da shi ba. Mutane suka san ni da kayan yara. Daga Sandamu ake kawo mini memori, daga Babban Mutum, daga Mashi, wani a naɗe a takarda, wani a ƙulle a bakin zani. Mafi yawansu ba su iya sayen data kullum ba, ko kuma garinsu sabis ba ya kamawa sosai. Abin da na zuba musu shi yaran gidan za su yi ta maimaitawa har wata uku.

Katun ba ya ba ni wahala. In kamfani ya yi shi don yara, yawanci haka zai tafi har ƙarshe. Abin da ya sauya aikin shi ne masu wasan gem. Ranar da wata mata ta fara tambayata na ɗauka gem ɗin take so in saka mata. Ta ce, "A'a Malam, ba shi zai buga ba. Wani ne ke bugawa yana surutu, shi kuma yana kallo." Ban gane ba sai da na sauko da guda ɗaya. Allo ya kasu biyu: ga gem yana tafiya, ga fuskar saurayi a gefe yana magana ba tsayawa. Nan na san aiki ya ƙaru, domin abu biyu zan tace maimakon ɗaya. Gem ɗin zai iya zama na gina gidaje da shuka itatuwa, amma bakin mai bugawa ba wanda ya gina masa katanga.

Akwai wani da wani malamin Islamiyya ya kawo mini sunansa, ya ce 'ya'yansa sun dame shi da shi. Da Turanci yake yi, gem ɗin kuma na noma ne, ana kiwon kaji ana shuka masara. Na kalli kashi uku ban ga komai ba, sai dai na lura duk lokacin da ya yi asara akwai kalma ɗaya da yake maimaitawa yana dariya. Turancina na aji shida ne da ɗan abin da na tsinta a shago. Sai na ɗauki kwamfutar na shiga wurin maƙwabcina Oga Emeka, mai sayar da kayan gyaran babur, wanda ya fi shekara ashirin a garin nan. Na sa masa a kunne. Bai yi minti ɗaya ba ya cire.

"Malam Lawal, wa zai kalli wannan?"

"Yara ne, babbansu shekara takwas."

"Kada ka saka. In ɗana Chidi ya faɗi kalmar nan a gidana, ranar ba zai ci abinci ba."

"Me take nufi?"

Ya duba ko akwai mai jin mu, sannan ya faɗa mini da Hausa. Na rubuta ta a bayan littafina. Daga ranar duk mai Turancin da ya shige mini duhu wurinsa nake kaiwa, shi kuma in 'ya'yansa sun kawo wani mai Hausa, ni yake kawo wa. Shafi uku na cika da kalmomin da ya koya mini, ba ko ɗaya da zan iya faɗa a gaban mutane.

Zagi ma shi ne mai sauƙi, kunne na kama shi. Abin da nake so masu tasowa su gane, akwai abubuwan da ba su da ƙara. Ina duba yadda mai wasan yake yi in an cinye shi: zai yi dariya ya sake, ko zai jefar da abin hannunsa ya doki tebur? Yaro zai kwashe wannan kafin ya kwashe komai. Ina duba tallan da yake sakawa a tsakiya, domin da yawansu sai sun kai minti goma suke cewa ga inda za ka sa kuɗi ka ci ninki, caca ke nan da sunan wasa. Ina duba ko yana cewa yara su turo masa hoto ko lambar waya. Ina duba yadda yake magana in mace ta shigo wasan. Babban abin lura kuma, mai wasan mutum ne, ba katun ba. Wanda ka yarda da shi a watan azumi ba lallai shi ne za ka tarar bayan babbar salla ba. In masu kallonsa suka ragu, zai nemi abin da zai dawo da su.

Na san wannan duka kafin shekarar da aka rufe makarantu saboda annoba. Shi ya sa ba ni da abin kare kaina.

A shekarar yara suna gida safe da yamma, iyaye sun rasa yadda za su yi da su. Memori ya yi ta zuwa fiye da yadda na saba gani, har na samo gwangwanin madara ina zubawa. A daidai lokacin kuma idona na dama ya fara yana. In na yi awa biyu a gaban allo sai hawaye, sai ciwon kai. Likita ya ce in rage kallo. Na rage, amma ban rage karɓar aiki ba.

Akwai wani saurayi mai yi da Hausa, yara na kiransa Mai Jan Mashin, saboda a gem ɗin tsere kullum jan babur yake ɗauka. Da sallama yake buɗewa. Ba ya zagi, ba ya tallan caca, in ya faɗi sai ya ce, "To, an kayar da ni, mu sake." Har yakan ce yara su je su yi salla su dawo. Na kalli kashi goma sha biyar nasa cif, ban rubuta komai a littafi ba. Na ji daɗin samunsa, domin masu Hausa irinsa ba su da yawa. Da sababbi suka fito, daga na goma sha shida zuwa na talatin, sai na yi abin da ban sake yi ba tun barina shagon Alhaji. In buɗe farko in ji sallama, in tsallaka tsakiya in ga babur yana gudu, in leƙa ƙarshe, in rufe. Kashi goma sha biyar na gama su kafin azahar. Na zuba su a babban fayil ɗin da nake kwasa in ba kowa.

Malam Isiyaku mutumin Mashi ne, yana sayar da fetur a kwalabe da galan a ƙofar gidansa. Ya fi shekara huɗu yana kawo mini memori in ya shigo Daura sayen kaya. Wata ranar Talata da hantsi ya shigo, ya yi sallama, bai karɓi kujerar da na tura masa ba. Ya ciro waya daga aljihu.

"Malam Lawal, kai ka zuba wannan?"

Na duba, na ce, "Ni ne."

"Ka kalla?"

Ya miƙo mini wayar. Ya ce, "Buɗe na ashirin da uku. Ka kai minti goma sha ɗaya."

Na buɗe. Mai Jan Mashin ya kawo abokinsa suna tsere su biyu, ya ce yau ma duk wanda aka kayar akwai hukunci. Aka kayar da shi. Ya ɗauko ruwan nan na goge hannu da ake ta rabawa a lokacin, ya zuba a tafinsa, abokin ya ƙyasta ashana. Wuta ta tashi, ya ɗaga hannun yana dariya, ya tafa, ta mutu. Ya nuna tafin ga kyamara ya ce, "Kun gani, ba abin da ya same ni." Duka abin bai kai rabin minti ba. Daga nan suka koma tsere.

Malam Isiyaku ya ce, "Bashir da ƙanwarsa Hafsatu suka yi tseren gare a tsakar gida. Ita aka kayar. Ba mu da wancan ruwan a gida. Fetur muke da shi."

Bashir shekararsa tara, Hafsatu biyar. Ita da kanta ta miƙa hannun, domin ta ga yadda ake yi. Wutar ta kama hannun rigarta ta hau har kafaɗa kafin uwarsu ta fito daga ɗaki ta lulluɓe ta da bargo. Suna asibiti a Katsina kwana shida ke nan.

"Ban zo faɗa ba," in ji shi. "Fetur nawa ne, ni na ajiye shi inda hannun yaro zai kai. Amma da na so a zuba mini kowane irin abu, akwai masu yi a Mashi. Na wuce su na zo nan ne saboda an ce kai kana kallo."

Na ce, "Wannan ban kalla ba."

"Na sani. So nake in ji daga bakinka." Ya mayar da wayar aljihu. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Gida nawa ka ba wa?"

Ba na rubuta sunan masu kawo memori, shirye-shirye kawai nake rubutawa. Na rufe shago na zauna ina tuno fuskoki. Na tuna gida talatin da ɗaya, na kuma san sun fi haka. Oga Emeka ya ba ni aron babur ɗinsa, ya ce kada in dawo da shi sai na gama. 'Ya'yansa ma suna cikin waɗanda na zuba wa, nasu na fara gogewa.

Kwana tara na yi ina yawo. Cikin gari da sauƙi. Ƙauyuka ne aiki, domin sai ka sami maigida a gona, wayar kuma tana hannun matarsa, sai ka jira. A kowane gida sai na faɗi abin da ya kawo ni, ba yadda za ka ce wa mutum ba ni wayarka in goge abu ba tare da dalili ba. Wani ya yi mini godiya. Wani ya karɓi wayarsa ya ce, "Ashe kai ma haka kake." A Sandamu wata tsohuwa ta ce jikokinta sun riga sun tura wa 'ya'yan maƙwabta, su ma sun tura wa wasu. A wani gida kusa da Babban Mutum na tarar da yaro da ɗan tabo a babban yatsa, uwarsa ta ce ai tun makon jiya ya ce mata murhu ne. Na goge abin da na iya gogewa. Sauran yana nan yana yawo a wayoyin da ban san masu su ba.

Da na dawo na zauna na kalli kashi goma sha biyar ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, da idon da ke hawaye. Hukuncin ya fara tun a na goma sha tara, da cin barkono. A na ashirin da ɗaya riƙe numfashi ne. Da na kalli ko ɗaya daga cikinsu yadda ya kamata, da na tsayar da shi tun kafin a kai ga wuta. Na ashirin da uku kuwa na maimaita shi ya fi sau ashirin, ina tafiyar da shi a hankali. A nan na ga abin da ban gani ba da farko. Tsakanin ɗaga hannun da tafawar akwai yanka. Inuwar da ke bango ta yi tsalle, hannun rigarsa da yake busasshe ya koma jiƙaƙƙe. An tsayar da ɗauka, an kashe wutar da ruwa, an jira, sannan aka ci gaba. A kashi na gaba kuma da hannun hagu yake riƙe abin wasan, na dama yana ƙasan tebur har aka gama.

Labari ya zaga, kuma ni na zagar da shi da bakina. Gwangwanin madara ya koma fanko. Malamin Islamiyyar nan bai sake zuwa ba. Wasu suka ce tunda mai kallon ma ba ya kallo, gara wanda zai cika musu nan take. Ban ga laifinsu ba. A ƙarshen shekarar aka yi mini aikin ido, na yi wata biyu ban buɗe shago ba, da na buɗe sai na tarar sabis ya yi ƙarfi a garuruwan da da ba ya kaiwa. Yanzu yaro da kansa yake nemo abin da yake so, ba ya bi ta kan kowa. Waɗanda suka rage mini ba su da yawa: wasu malamai, wasu matan aure, Oga Emeka da mutanen cocinsu biyu ko uku. A mako nakan yi memori biyar, wani makon uku. Kowanne ina kallonsa har ya tsaya da kansa. Ba na ƙara gudu, ba na rage murya. In ido ya gaji, in ce wa mai shi ya dawo jibi.

Bayan an sallamo Hafsatu na je Mashi. Kafin nan na yi ta ɗaga tafiyar, sai da na ga in ban je a wannan watan ba ba zan taɓa zuwa ba. Malam Isiyaku ya karɓe ni a zaure. Ya daina ajiye fetur a gida, ya kama wata rumfa a bakin titi. Bashir ya kawo ruwa ya ajiye, bai ɗaga kai ba. Uban ya ce tun ranar bai sake taɓa waya ba, ba kuma wanda ya hana shi.

Aka fito da yarinyar. Hannun dama a naɗe yake har gwiwar hannu, yatsu biyu sun manne, an ce sai ta ƙara girma za a duba ko za a iya raba su. Ta gaishe ni, ta zauna a jikin ubanta tana kallona.

"Baba, wannan ne mai memori?"

"Shi ne."

Ta juyo gare ni. "Kai ka san Mai Jan Mashin?"

"Ban san shi ba, 'yata. A waya kawai nake ganinsa, kamar ke."

"To me ya sa shi hannunsa bai ƙone ba?"

Na dubi Malam Isiyaku. Ya ce, "Kullum sai ta tambaya. Mun ce mata ba mu sani ba. Ita gani take ita ce ba ta iya ba."

Na ce mata, "Ya ƙone. Na duba da kyau. Sun tsayar da hoton, sun zuba masa ruwa, sun yanke wurin da ya yi kuka don kada a gani. Washegari ma ɓoye hannun ya yi a ƙarƙashin tebur."

Kukan ban gan shi ba, ƙari na yi. Sauran duk na gani.

Ta dubi bandejin. Can ta ce, "Ashe shi ma ya ji zafi."

"Ya ji."

Ta miƙe ta leƙa ƙofar cikin gida ta ce, "Yaya Bashir, zo ka ji. Shi ma ya ƙone."

Bashir bai fito ba. Muka zauna mu uku muna jira, har ladan ya kira la'asar.